Kwalba Mai Taurin Kai

Tun muna ajin farko a firamare nake kiranta Bahaguwa, har ta koma ga Allah kuma ban canza mata suna ba. Benci ɗaya aka zaunar da mu, ita tana rubutu da hagu, ni da dama, gwiwar hannunta tana ta dukan tawa har rubutuna ya koma kamar sawun kaza. Mun yi faɗa a kan haka, aka raba mu, washegari muka koma wuri ɗaya da ƙafarmu. Ita kuwa tun ranar da na haifi tagwaye ta jefar da ainihin sunana, sai Uwar Biyu.

Karatuna bai yi nisa ba, na hau keken ɗinki. Ita ta ɗan ƙara gaba, sannan ta samu aikin wankin kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke bayan babban asibiti, can kusa da rumfar janareto. Ta yi shekaru tana wanki, hannuwanta kullum a jiƙe, kafin shugabar wurin, wadda kowa ke ce wa Dakta, ta tura ta kwas. Da ta dawo aka ba ta kujera da farar riga. Gajera ce, duk rigar da aka ba ta sai ta shanye mata yatsu. Ni nake rage mata hannun, in kuma ɗinka mata aljihun biro a ƙirjin dama, inda hagunta zai kai.

Na sha shiga wurin in na kai mata riga. Siririn baranda ne da ɗakuna a jere. A na farko manyan firizoji ke kuka ba dare ba rana, in ta buɗe ɗaya sai farin hayaƙi ya zubo mata har ƙafa. A na tsakiya take zama a kan wata doguwar kujera marar majingina. Dokar wurin da ta fara koya min ita ce, ba a ƙetare ƙofa da safar hannu, ko gobara ce ta tashi sai ka cire.

Abin da suke bincike a kai shi ne sankarar bakin mahaifa. Na tambaye ta me suke nema a cikin kwalaben, ta ɗauki wani yadi a kan tebur ɗina ta ce ai na san yadda zare ɗaya ke fara saki tun kafin yadi ya yage. Ta ce ciwon ma haka yake, yana barin wata 'yar alama a jikin mace tun ba ta ji komai ba, su kuma alamar suke so su koyi ganewa. Ban da wannan tana kiwon ƙwayoyin ciwon a cikin wasu faranti masu murfi, cikin ruwa mai ja-ja, tana ɗiga musu magungunan gwaji a ga wanda zai kashe su. Marasa kunya take ce musu. Ko ranar hutu sai ta je ta canza musu ruwa, ta bar mu a tsakiyar hira.

Aikin ya biyo ta har gida. Da gwiwar hannu take tura ƙofa. Mijinta, Malam, malamin lissafi ne mai son tsokana, yakan ce shi kaɗai ne a duniya ya auri matar da ke wanke sabulu kafin ta wanke hannu da shi. Sai ta ce masa shi ya sa har yau zawo bai san ƙofar gidansa ba. 'Yarsu ɗaya, ni ce kuma ƙaramar uwarta.

Wata shekara aka kawo musu sabuwar na'ura. Kafin a fara ainihin aiki da ita, ana buƙatar abin da aka ɗebo daga mata masu lafiya, don a ga yadda na'urar ke nunawa in babu ciwo. Yadda suka saba a wurin shi ne su fara da na gida, ma'aikata da 'yan'uwansu. Bahaguwa ta tara mu. Da masu shara, da mai buga takardu, da ƙanwar Malam, da ni, har da wasu kwastomomina da ta tarar a shago ta yi musu daɗin baki. Tambaya ɗaya aka yi wa kowace: lafiyarki lau? Kowa ta ce lau.

Da aka nuna mana tsinken auduga aka faɗi inda za a sa shi, muka kalli juna. Wata ta fara neman takalminta. Bahaguwa ta ce mu kwantar da hankali, kowace da hannunta za ta yi, kuma ba za a rubuta sunan kowa ba. Ta ɗauki tsinke ta shige bayan labule, ta fito tana kaɗa 'yar kwalbarta a sama, ta jefa cikin wata shuɗiyar roba. Ganin haka muka bi ɗaya bayan ɗaya muna ta dariyar kunya. Da muka gama ta ɗaga robar ta girgiza kamar mai wanke shinkafa.

"To, yanzu ko ni ban san ta kowa ba," in ji ta.

Sai bayan nan ta manna wa kwalaben lamba. Ta yi alfahari da wannan dabarar, mu ma mun yaba mata. Muka sha shayi muka watse, na manta da zancen.

Bayan wani lokaci ta fara zuwa shagona da yamma fuska ba walwala. Ta zauna a kan dilar yadi tana matsa bayanta. Ta ce in an sa abin masu lafiya a na'urar, layin da ke allon ya kamata ya kwanta. Duk sun kwanta, ban da ɗaya. Kwalba ɗaya cikin namu tana miƙe layi sama kamar ta marar lafiya.

Na tsayar da keke, amma ta ce kar in damu. A aikinsu, in abin mai lafiya ya nuna ciwo, hannu ake fara tuhuma, sannan ruwan haɗin da ake gwajin da shi, sannan na'ura. Ba wanda ya ɗora mata laifi, ita ta ɗora wa kanta. Ta tabbata ta taɓa kwalbar wata marar lafiya ta manta ba ta canza safa ba. Ta goge tebur, ta sake gwadawa, layi ya tashi. Ta ba abokin aikinta ya yi da nasa hannun, layi ya tashi. Aka ce to ruwan haɗin ne ya lalace, aka aika a kawo sabo daga nesa, ya daɗe bai iso ba. Da ya iso layi ya sake tashi. Aka kira injiniya ya kwance na'urar ya mayar. Haka watanni suka yi ta wucewa. Ta sa wa kwalbar suna Mai Taurin Kai, kullum in ta shigo nakan tambaye ta ya mutuniyarta, ta ce tana nan da halinta. Na lura rigunanta sun fara yi mata yawa, na rage mata ƙugu na ce damuwa ce.

Dakta ce ta tsayar da abin. Doguwar mace ce marar yawan magana. Ta ce gwajin nasu bai kai a dogara da shi ba, yana iya yin ƙarya, amma ba za ta ƙara kwana da wannan a ranta ba. A kira duk wadda ta sa kwalba a robar nan, a kai ta asibitin mata a duba ta yadda aka saba dubawa. Ta nemi a faɗa mata mai kwalbar, aka tuna mata ba suna, an girgiza.

Ranar da Bahaguwa ta kawo min wannan labarin ba ta zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, na kuma san abin da take kallo. Tun haihuwata ta ƙarshe nake ganin jini ba lokacinsa ba. Ita kaɗai na taɓa faɗa wa, ko maigidana bai sani ba. Ranar robar ma da na ce lafiya lau, ta harare ni, na kawar da kai.

Ta ce gobe za ta fara da ni. Na ce ɗinki ya yi min yawa, ta fara da sauran.

Ta kuwa fara. Kowace safiya sai ta riƙo hannun wata ta kai ta, ta zauna a benci ta jira, ta rako ta gida. Masu shara suka fito lafiya. Mai buga takardu ta fito lafiya. Ƙanwar Malam ta yi ta kuka tun daga gida, ita ma ba a samu komai ba. Ɗaya cikin kwastomomina ta bar garin, Bahaguwa ta hau mota ta nemo ta har gidan surukanta. Duk wadda ta tsira sai Bahaguwa ta biyo ta shago ta faɗa min, ta yi hamdala. Ni kuma in ci gaba da taka keke. Kowane albishir da ta kawo kamar an ƙara matso min da bango ne. Na daina cin abinci sosai. Na yanka wa wata mata hannun riga biyu duk na ɓangare ɗaya. In tagwaye suka dawo daga makaranta suna faɗa a kan fensir, sai in tsaya ina kallonsu har su tsargu su daina.

Ranar da na fi tsoro ta zo. Ta shigo da rana tsaka da farar rigarta a ninke a hannu, ta tura ƙofar shagon ta rufe.

"Uwar Biyu, sauke ƙafarki daga keken nan."

"Ina jinki, ba a ƙafa kunnena yake ba."

"Kowa ta je. Ke kaɗai kika rage."

Na ce mata in ni ce, gara kar in sani. Na ga matan da ke zaune a barandar asibitin nan, ban ga abin da sanin ya ƙara musu ba. Ta ce waɗanda na gani su ne waɗanda suka zo a makare, kuma duk wannan wahalar da suke sha a ɗakin gwaji don kar a makara ne. Ta ce in ban tashi ba, za ta samu direba, wato maigidana, ta faɗa masa komai, ko da zan daina yi mata magana har abada. Ban taɓa jin ta haka ba.

Ni kuma neman hanyar gudu nake. Na ce ta lissafo min matan. Ta fara naɗe yatsu tana faɗa, har ta zo kaina ta tsaya.

"Ke fa?" na ce.

"Ni me?"

"Wa ya fara shiga bayan labule?"

Ta yi 'yar dariya ta ce ita ai nuna mana ta yi. Na ce ta jefa a robar ko ba ta jefa ba? Ta ce ta jefa. Na ce an duba ta? Ta ce za ta je in ta gama da mu, ita ma'aikaciya ce, asibitin ba guduwa zai yi ba. Ashe saboda kullum ana ganinta a bencin nan, nas-nas ɗin sun ɗauka tuni an duba ta, Dakta ma haka ta ɗauka. Ba wanda ya tambayi mai rakiya.

Allah ya sani ban kawo komai a raina ba. Na dai ga na samu abin riƙewa. Na ce ba zan hau gadon nan ba sai ta riga ni, kamar yadda ta riga mu shiga labule. Ta ce in dai wannan ne, an gama, amma in na karya alkawari za ta ɗauke kan kekena ta kulle a firiza.

Washegari muka tafi. Muna zaune a benci, fanka na juyawa a sama ba iska, na ga tana ta gyara zama. Na tambaye ta bayan ne, ta ce kujerar aiki ce marar majingina. Can ta ƙara da cewa ita ma takan ga ɗan jini, amma shekaru ne, al'ada ce ke shirin ɗaukewa. Ta faɗa tana kallon takalminta. Kafin in buɗe baki aka kira ta. Ta aje min jakarta a cinya ta shiga.

Ta faɗa min dubawar ba ta wuce shan kofin shayi. Shayi ya isa ya huce, ba ta fito ba. Nas ta fito ba ta kalli kowa ba, ta wuce da sauri, ta dawo da wani likita. Suka rufe ƙofa. Na ƙanƙame jakar nan har ƙarfen zif ya shiga tafin hannuna. Matan da ke bayanmu suka fara gunaguni layi ya tsaya. Sai na hango Dakta ta ratso tsakar asibiti daga wajen ɗakin gwaji, tana tafiya kamar za ta yi gudu, da safa a hannuwanta duka biyu. A nan na sani.

Da Bahaguwa ta fito ta ɗaura ɗankwalinta a karkace. Ta karɓi jakarta, ta zauna a inda na tashi, ta ɗago ta kalle ni.

"Layinki ne, Uwar Biyu. Alkawari."

Na shiga ina kuka, nas ta ɗauka tsoro ne. Nawa ɗan tsiro ne marar illa, daga baya aka cire shi, ban sake ganin komai ba. Ita aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, amma tun a ɗakin likitan ya gani da idonsa. Da sakamako ya fito aka ce ya wuce inda wuƙa za ta yi aiki, sai gashin ciwon da na'ura da ƙarin ruwan magani.

Malam ya daina tsokana, ita ta karɓi tsokanar. Ta ce masa duk wankin hannun nan ashe ɓarawon ta taga ya shigo. Ya juya baya ya yi kamar yana gyara labule. Ni nake raka ta gashi. Ta koya min sunayen magungunanta, ban riƙe ko ɗaya ba, ta ce dama tun firamare kwanyata ta yadi ce.

Akwai wani magani da na sha ji tana yabo, wanda ta ɗiga wa marasa kunya suka mutu a faranti. Ranar da amai ya galabaitar da ita na durƙusa a gaban gadonta na ce ta roƙi Dakta ta ba ta shi, ko ni in je in roƙa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Uwar Biyu, ruwan wankin banɗaki ma yana kashe su a faranti. In sha?"

Ta ce tsakanin faranti da jikin mutum akwai tafiyar shekaru, ita ba za ta ga ƙarshenta ba, amma ba a tsallakewa. Ta shafa kaina kamar ni ce marar lafiyar.

Abu ɗaya ta nema. Kafin kowane zagayen magani sai a ɗebi nata a kai ɗakin gwaji, a ga ko alamar na raguwa in magani ya shiga. Dakta ta yi jinkiri, ta ce sai an bi ƙa'ida an nemi izini, Bahaguwa ta ce a bi, tana jira. Da izini ya fito na kai ta wurin a motar maigidana. Ta sa farar rigarta, ta yi mata yawa kamar ta aro. Ta sa safa, ta buɗe firiza, hayaƙi ya zubo. Ta zaro Mai Taurin Kai daga akwatin masu lafiya, ta riƙe ta ɗan lokaci a hagunta, ta ce mata sannu, kin yi ta faɗa ba mu ji ba. Sannan ta sa ta a akwatin marasa lafiya ta rufe. Ta cire safa a bakin ƙofa. Ba ta ƙara shiga ɗakin ba.

Na taɓa tare Dakta a baranda na tambaye ta, da an duba tun ranar da layin ya fara tashi, da ta tsira? Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi min ƙarya don in ji sanyi ba, ita ma tambayar ce ke hana ta barci. Ta ce yanzu ba a karɓar kwalbar kowace mace sai an fara duba ta, kuma in gwaji ya nuna abu akwai hanyar komawa ga mai shi. Shuɗiyar robar an mayar da ita ta wanke-wanke. Na tambaye ta gwajin nasu ya tabbata kenan, ta ce kwalba ɗaya ba ta tabbatar da komai, suna nan suna yi.

Bahaguwa ta cika da la'asar, a ɗakinta, kanta a cinyata, Malam na riƙe da hagunta. Da safen ranar ta tambaya ko an canza wa marasa kunya ruwa. Na ce an canza, ko da yake ban sani ba. Ta ce in kula da 'yarta, kar in yarda da lafiya lau ɗinta, irin uwarta ce. Allah ya jiƙanki, ƙawata, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Har yau in ina yanka nakan matsa gefe ɗaya a benci, in bar wa gwiwar hannunki wuri.

'Yar ta yi aure, ta haihu, shekarunta sun kai na dubawa. Na yi mata magana ta ce aiki ya yi mata yawa. Na sake yi ta ce lafiyarta lau, Umma ƙarama ta cika tsoro. Ban ja da ita ba. Na rufe shago na je gidanta da safe, na goya jaririn, na ce ta sa takalmi ta raka ni asibiti. A benci hannunta yana cikin nawa, tana kallon ƙofar da uwarta ta shiga. Da nas ta leƙo ta ce saura wa, na kwance goyon na miƙa mata.

"Riƙe min shi," na ce. "Ni zan fara, ke ki biyo."